Takalmi Mai Tsani a Tafinsa

Duk Kasuwar Bayan Ganuwa an san ranar nan Kaka Luo ke cika shekara tamanin da huɗu, amma babu wanda ya isa ya faɗa. Wanda ya kuskura ya furta lissafin nan kusa da rumfar awara, to ya shirya shan zagin 'yarta Guilan, mace mai muryar da ake ji tun daga layin masu kifi har bakin titi. A nan Kaifeng ta ƙasar Sin kowa ya san shekarar nan muguwar ƙofa ce ga tsoho, da yawa a cikinta suke tafiya. Shi ya sa tun shigowar shekara Guilan ta ɗaura wa uwar jan zare a ƙugu, ta saya mata jar safa, kuma duk mai tambayar shekaru sai ta ce masa tamanin da biyar, ta kafe shi da ido har ya sunkuyar da kai. Tsoro ne fal cikinta, ita kuwa tsoronta da faɗa yake fita.

Da sassafe ta je ta zaɓo kifi mai rai, wanda ya fi kowanne tsalle a cikin baho, don 'ya mace ce ke saya wa uwa kifi a irin wannan shekara, ta ci ta tsallake. Ta murza taliya doguwa da hannunta, ta hana kowa taɓawa kada ta tsinke, don tsawonta alamar tsawon rai ne. Da rana ta take ta kife farantan awara ta rufe rumfa, abin da ko ranar da ta karye a hannu ba ta yi ba. Aka shimfiɗa tebur a bayan rumfar, ƙarƙashin rumfar kwano. Fan mai kayan miya, maƙwabciyarta, ta zo da giyar shinkafa da surutunta. Aka zaunar da Kaka a kujera mai hannu, ƙafafunta da suka kumbura suna cikin wasu tsofaffin silifas na mijinta marigayi, don babu takalmin da ke shigarta yanzu.

Saura mutum ɗaya, Saude.

Saude 'yar Damagaram ce, tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Hunturun farko da ta zo ta shigo kasuwar nan a rame, yunwa na cinta, don ba ta iya rarrabe abin da aka sa wa alade da wanda ba a sa ba. Da ta ga awara a kan faranti sai ta tsaya kamar ta ga 'yar garinsu. Tun ranar Guilan ta ware mata kasko guda, mai ba ya shiga sai na gyaɗa, kuma ko mijin Fan ya taɓa kaskon nan sai ya ji ba daɗi. Yarinyar ta zama ta kasuwa. Duk Asabar tana nan, ta bi wannan lungu ta ɓulla wancan, ta ɗanɗana, ta tambaya, ta yi ciniki da Sinancinta mai ban dariya har masu kaya su rage mata don nishaɗi. In ta gama ta zauna gindin Kaka tana matsa mata ƙafa, tsohuwa na ba ta labarin ambaliyar da aka yi tun Guilan ba ta zo duniya ba.

Ta iso tana haki, da ƙunshi a jar takarda. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu yadda aka koya mata.

“Kaka, tsawon rai. Ga ɗan abin da na samo miki.”

“Ajiye can,” in ji Guilan, tana juya kifi. “Ba a buɗe kyauta gaban wanda ya kawo ta. Zo ki riƙe min faranti.”

Ina! Kaka Luo ta wuce wannan kunyar tuni. Ta sa farce ta yage takardar tana dariya, bakin nan babu haƙori. Sai dariyar ta tsaya.

Takalma ne na shuɗin yadi mai sheƙi, marasa nauyi, an yi musu ɗinkin zare ruwan zinariya. Kaka ta juya ɗaya. A tafinsa, inda ya kamata ya taka ƙasa, an ɗinka furen bado, a samansa ɗan tsani.

Fan ta ajiye kofi ta dafe ƙirji. Guilan ta waiwayo da cokali a hannu, ta gani. Ba ta san lokacin da ta tsallake benci ba. Ta fizge takalman daga cinyar uwarta kamar ta ga kunama.

“Me uwata ta yi miki?”

Saude ta yi murmushin wanda bai gane ba. “Gwaggo, masu laushi ne. Na auna da silifas ɗinta, ba za su matse—”

“Na ce me ta yi miki? Wane dare ta hana ki barci? Kin shigo mana kamar karan raken da aka tsotse, na ciyar da ke, na ware miki kasko, tsohuwar nan tana ɓoye miki lemo a aljihu, shi ne sakayyar? Yau? Yau ɗin nan kika zaɓa?”

“Gwaggo, wallahi ban gane ba.”

“Takalmin gawa ne, 'yar nan,” Fan ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana kallon gefe. “Shi ake sa wa mutum in an kwantar da shi. Tsanin nan na hawa sama ne.”

Saude ta kama baki. Ta dubi takalman, ta dubi Kaka, ta ce wani abu da harshensu, hawaye suka cika mata ido. Wannan bai sanyaya Guilan ba ko kaɗan. Ai ta riga ta gani, uwar ta riga ta taɓa, abu ya riga ya hau tebur kusa da kifi da taliya. Duk tsaron da ta yi wata da watanni, ga wata can daga bayan duniya ta zo ta buɗe wa mutuwa ƙofa da hannu biyu, har da durƙuso.

“Wa ya sayar miki?”

“Wani tsoho, a ƙarshen layi, jikin ganuwa…”

“Pang! Na rantse yau sai ya san ni. Tashi! Wuce gaba!”

Ta damƙi hannun yarinyar ta ja. Fan na kira a bari a ci abinci tukuna, wa ke jinta. Suka ratsa layin masu kayan miya, Guilan na ɗaga takalman sama don kowa ya shaida. Mai sayar da ƙwai ta janye kwandonta. Mai gyaran keke ya bar taya ya miƙe. Wata mai goyo ta rufe wa ɗanta ido ta tofar da yawu gefe.

“Ku gani! Ku ga kyautar ranar haihuwa! Ku da kuke cewa na yi 'ya daga Afirka, ga abin da 'yar ta kawo!”

“Yaya Guilan, sassauta mana, baƙuwa ce,” in ji mai naman agwagwa.

“Baƙuwa ba ta da ido? Ba ta da bakin tambaya? Kullum tana nan tana tambayar sunan kabeji da sunan tafarnuwa, yau ne bakin ya mutu? Kai kuma kama kanka, kada in fara da kai.”

Ya kama kansa.

Shagon Tsoho Pang shi ne na ƙarshe, inda layi ya ƙure da ganuwa. Mu 'yan kasuwa in hanya ta bi da mu nan sauri muke ƙarawa, ba ma waiwaye. Ƙofarsa kullum rabi a buɗe, daga ciki kana hango riguna masu sheƙi a rataye, ja da shuɗi da ruwan ƙasa, ko amarya ta gani sai ta yi sha'awa. Babu maɓalli ko ɗaya a jikinsu, sai igiyoyin ɗauri. Pang na zaune a kan ƙaramar kujera, tabarau a karan hanci, yana zura zare.

Guilan ta buga ƙofar da ƙafa ta watsa masa takalman a cinya.

“Tsohon banza! Ciniki ya yi maka ƙaranci ne har ka koma farautar masu rai? Mutanen gari ba sa mutuwa da sauri yadda kake so, shi ne ka samu yarinyar da ba ta san komai ba ka ɗora mata?”

Pang ya ɗauki takalman ya kaɗe su a hankali, ya ajiye kan tebur, tafin yana sama.

“Kada ki yar da su ƙasa, Guilan. Ba sa taka ƙasa.”

“Au, darasi za ka ba ni? Ka ga baƙar fata, ka ga ɗaliba, ka san ba ta san me take saya ba. Me ya hana ka buɗe baki?”

“Ta kawo min awo a igiya. Na ga faɗin, na ga tudun ƙafar. Na ce na wa, ta ce na kakarta ta rumfar awara.”

“To! Ka ma sani ke nan!”

“Na sani. Ba yau na ɗinka su ba, tun bazara suke ajiye. Uwarki ce ta zaɓi yadin.”

Mutanen da suka taru a ƙofa suka dubi juna. Guilan ta ji kamar an watsa mata tafasasshen man kasko.

“Ƙarya kake!”

“In kin tafi sarin wake takan lallaɓo da sandarta ta zauna nan inda kike tsaye. Ta ce 'ya mace ke saya wa uwa, ita kuwa tata 'yar ko zancen aka ɗauko sai ta fasa kwano. Na ce su zauna har ranar da wani zai zo daga gidan. Da yarinyar ta shigo na ɗauka kin sauko ne, kin aiko ta don ba kya son a gan ki a nan.”

“Ni? Ni zan aiko a saya wa uwata…” Ta juya kan Saude, don ita ce mai sauƙin kamawa. “Ke kuma, daga yau kada in ƙara ganin ƙafarki a rumfata. Ki je can ki ci abin da kika samu. Na yi kuskure da na ɗauka baƙo na zama ɗan gida.”

Nan fa Saude ta fizge hannunta. Wannan yarinya da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ga ta ta buɗe murya, Sinancin yana fita a karkace amma babu wanda ya yi dariya.

“Ya isa, Gwaggo! Kin ja ni a kasuwa kamar ɓarauniya, na yi shiru. Ta ina zan sani? Mu a garinmu farin yadi ne kawai, ko ɗinki babu, ko sarki ne haka zai tafi, ƙafa ba takalmi. Wa zai ce min ana yi wa gawa ado da zaren zinariya? Na zaga kasuwar nan layi-layi ina neman abin da zai shiga ƙafarta, ko'ina roba ce mai tauri. Kullum ni ke matsa ƙafar nan, na san inda ke mata ciwo. Na ga masu laushi na yi murna. In mutuwarta nake so, zan zauna ina matsa mata ƙafa? Ki kore ni, rumfarki ce. Amma kada ki ce ban ƙaunace ta ba, wannan ƙarya ce, kuma kin sani!”

Guilan ta buɗe baki za ta rama, sai aka ji ƙararrawar keke. Taron ya dare. Mijin Fan ne ke tura kekensa na dakon kaya mai ƙafa uku, Kaka Luo na zaune a baya kan buhun albasa, sanda a cinya, fuskar nan a murtuke. Aka sauke ta. Ta ƙi hannun 'yarta, ta kama na Saude, ta shiga shagon kai tsaye kamar ɗakinta.

“Mama, me ya kawo ki nan? Yau fa? Fita, don girman sama fita, mu koma!”

“Rufe min baki, Lan.”

Duk kasuwar nan mutum ɗaya ke iya faɗa wa Guilan haka. Ta rufe.

Pang ya tashi ya ba tsohuwa kujerarsa. Ta zauna, ta huta, sannan ta ɗaga sanda ta nuna 'yarta.

“Tun daga rumfa nake jin muryarki kamar ana yanka agwagwa. Kin tara min jama'a. To tunda kin tara su, su ji. Shekarata tamanin da huɗu.”

“Mama!”

“Tamanin da huɗu! Na ƙirga da kaina, ban haukace ba. Kin ɗaure ni da jan zare kamar akuya, na yi shiru. Kin hana ni zuwa jana'izar ƙawata, na yi shiru. Yau kifi, gobe magani mai ɗaci. Duk na haɗiye don hankalinki ya kwanta. Ni nawa hankalin fa? Kin taɓa tambaya?”

“Don ki daɗe nake yi.”

“Don kada ki ji tsoro kike yi. Kin manta ubanki? Ya faɗi da safe, kafin rana ta yi tsaka ya tafi, babu abin da aka tanada. Kika ruga nan kina kuka kika ɗauki abin da hannunki ya kai. Takalman suka yi masa yawa, muka cusa takarda a ciki. Mutumin da bai taɓa fita da riga a karkace ba, haka muka sallame shi, da takarda a takalmi. Har yau in na kwanta sai na gan shi yana jan ƙafa a hanya. Ni ba za a yi min haka ba. Ina so in gani da idona, in taɓa, in san ya yi min daidai. Abin da na roƙe ki ke nan, ba kifi ba.”

Guilan ta tsaya, hannuwa a sake. Haushi take ji har wuya: haushin Pang da ya ɓoye, haushin yarinyar da ta fi ta gaskiya, haushin mutanen da suka zuba ido, haushin uban da ya tafi ba sallama. Fiye da duka tana jin haushin tsohuwar nan da ke zaune tana shirin tafiya hankali kwance, kamar ba za ta bar kowa a baya ba.

“Wato kin gaji da ni,” ta ce. “Kin ƙosa.”

“Ji shashasha. Wa ya ce miki na ƙosa? Wanda ya sayi laima ruwa yake kira?” Kaka ta zare ƙafa ɗaya daga silifas ta miƙa. “A gwada min. Aikin 'ya ne. In tawa ta ƙi, ga wata nan da ta saya, ita ta sa min. Zo, Saude.”

Saude ta dubi Guilan, ta yi taku ɗaya.

“Kada ki taɓa!” Guilan ta daka tsawa har Pang ya zabura. “Uwarki ce? Matsa can! Kai kuma, Pang, mayar mata da abin da ta biya, ba a saya wa uwata wannan da kuɗin wani ina raye.”

Ta durƙusa a kan simintin shagon da ko kallonsa ba ta yarda ta yi. Ta ɗora ƙafar uwar a cinyarta. Rabon da ta riƙe ƙafar nan a hannu ta manta. Kullum tana bakin kasko, wata ke matsawa. Ƙafar ta kumbura, fatar tana sheƙi, ga sanyi, inda ta danna da yatsa sai ramin ya zauna bai taso ba. Ta daɗe tana kallon ramin nan. Sannan ta miƙa hannu ba tare da ta ɗaga kai ba, Pang ya sa mata takalmin.

Na dama ya shiga lafiya. Kaka ta karkata kai tana dubawa, ta motsa yatsu a ciki.

“Kai, Pang, hannunka bai tsufa ba.”

“Ke,” Guilan ta ce da Saude, ba ta dube ta ba, “kin tsaya kamar turke. Zo ki tallafe mata wannan kada ya taɓa ƙasa.”

Saude ta durƙusa gefenta ta karɓi ƙafar da hannu biyu. Guilan ta ɗauko ta hagu, wadda ta fi kumburi. Ta tura, ta lallaɓa, dunduniya ta shiga da ƙyar. Tsohuwa ta ɗan yamutsa fuska, ta yi maza ta saki.

“Ya yi,” in ji Kaka.

“Bai yi ba. Na ga fuskarki.”

“Lan, ranar ai ba zan ji ba.”

“Ni zan ji!”

Ta zare takalmin, ta miƙe, ta dangwara shi a tafin hannun Pang. Hawaye na zuba har haɓarta, ko sharewa ba ta yi ba, muryar kuwa tana nan yadda aka san ta, har masu kifi sun ji.

“Wannan ne aikin da ake yabo? Ya matse ta a dunduniya, ga zare ya yi tudu a ciki. Kwance shi duka ka sake. Ka ƙara faɗi, ka sa auduga mai kyau, ba irin ta 'yan kasuwa ba. In ka gama ni zan zo in duba, in bai yi ba ka sake kwancewa.”

“Zuwa jibi zan—”

“Wa ya ce maka jibi? Wa ke korar ka? Ɗinka a hankali, tsoho. Ka ji ni da kyau, a hankali. Ba sauri muke ba.”